Me Ke Kawo Kwanciyar Rai Bayan Barin Aiki?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya wa kowane al'amari lokacinsa, Ya kuma sanya wa kowane lokaci iyakarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka mai da Birnin Kebbi hedkwatarta. Samarin da aka ɗauka aikin gwamnati a wannan shekara, ana cikin ɗokin sabuwar jiha, shekarar 2026 ce cikar shekararsu 35 a bakin aiki. Ƙa'idar aikin gwamnati kuwa ita ce ma'aikaci ya sauka idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, in ban da wasu rukunoni kamar alƙalai da malaman jami'a, da kuma malaman makaranta waɗanda dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 da 40. Watau dai kowane ma'aikaci, tun ranar da ya karɓi takardar kama aiki, an riga an rubuta masa ranar sallama. Abin mamaki shi ne yadda wannan rana, wadda aka san da zuwanta tun shekara talatin da biyar, take riskar mutane da yawa kamar ruwan bazara.

Ranar ce ake karɓe mabuɗin ofis, a karɓe motar gwamnati, a ba mutum wa'adin fita daga gidan gwamnati. Masinjan da ke rugowa ya karɓi jaka ya koma yi wa wani. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Idan Salla ta zo, ragon da ake ɗaurewa a ƙofar gida da buhun shinkafar da ake saukewa sai a ga sun sake hanya, domin dama can ba mutumin ake kawo wa ba, kujerar ake kawo wa. Duk wanda ya zauna a majalisun dattawa na Birnin Kebbi ko Argungu bayan La'asar ya san iri biyu na waɗanda suka bar aiki. Akwai wanda ya ƙara haske da sakin fuska, har a ce kamar an sauke masa kaya. Akwai kuma wanda cikin shekara biyu ya rankwafa, hirarsa duka ta koma butulcin yaran da ya ɗauka aiki da lalacewar ofis tun barinsa. Sau da yawa kuwa fenshonsu ɗaya, wani lokaci ma na mai ƙorafin ya fi tsoka.

Ya kamata a tuna cewa barin aiki irin wannan baƙon abu ne. A ƙasar Jamus aka fara kafa dokar fenshon tsufa ga ma'aikata baki ɗaya a 1889, zamanin shugaban gwamnatinta Bismark, aka yanke shekara 70. Turawa ne suka zo da tsarin ƙasar nan tare da aikin albashi. Kafin haka, har yanzu ma a wajen mafi yawan jama'a, babu wata rana da ake ce wa mutum aikinka ya ƙare. Masuncin Argungu idan ƙarfinsa ya ja baya ba ya shiga tsakiyar ruwa da gora da homa, amma yana nan bakin gulbi yana gyaran raga, yana faɗa wa 'ya'yansa inda kifi ke kwanciya da lokacin da ruwa ke da haɗari. Manomin fadama ya bar wa samari huɗa da yankan shinkafa, amma shi ake tambaya irin da za a shuka. Malamin zaure kuwa sai dai murya ta rage ƙarfi, almajirai su matso kusa. Waɗannan duka suna sauke nauyin aiki kaɗan kaɗan, kuma darajarsu ƙaruwa take yi da tsufa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aikacin ofis shi kaɗai ne ake cire wa aiki da girma da abokan hulɗa a yini guda.

To, me Musulunci ya tanadar wa irin wannan mutum? Abu na farko shi ne Alƙur'ani bai ɓoye wa ɗan Adam yadda rayuwarsa za ta gudana ba. A aya ta 54 ta Suratur Rum an bayyana cewa daga rauni aka fara shi, aka ba shi ƙarfi, kuma rauni da furfura ne za su biyo bayan ƙarfin. Amma aikin da aka halicce shi dominsa ba ya cikin abin da ake sallamar mutum a kai, domin ƙarshen Suratul Hijri ya umarci a ci gaba da bauta har zuwan mutuwa, ƙarshen Alam Nashraha kuma ya karantar da cewa gama wani aiki mafari ne na kama wani. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ambaci ni'imomi biyu waɗanda mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu, su ne lafiya da sararin lokaci. Kalmar da aka yi amfani da ita a hadisin ta 'yan kasuwa ce, ana faɗarta ga wanda ya sayar da hajarsa a ƙasa da kuɗinta. Mutumin da ya shekara 35 yana kukan rashin lokaci, yau ga lokacin an zuba masa a hannu. Wannan jari ne, kuma yadda ya juya shi ne zai nuna ko zai ji daɗin sauran kwanakinsa.

Mutanen wannan yanki ba su da bukatar tafiya nesa neman abin koyi, domin ga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa. Shi ne ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805. Duk da wannan matsayi, bai taɓa barin muƙami ya zama shi ne ransa ba. Bayan 'yan shekaru da fara jihadi, da ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga tara dawaki da tufafi da neman sarauta, abin da ya koka a kai cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar ƙaura. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya komo. A nan akwai abin lura. Da ya ajiye shugabanci bai zama ba kowa ba, domin yana da abin da ba naɗa masa aka yi ba, balle a tuɓe, watau ilminsa.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa a 1817, lokacin da Shehu ya rasu. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne malamin da Muhammadu Bello kansa ya yi karatu a wurinsa, amma Bello aka yi wa mubaya'a. Masu tarihi ba su ɓoye cewa abin ya sosa masa rai ba, kuma an sami 'yan shekaru na sanyin zumunci tsakanin Gwandu da Sakkwato. Wannan ma darasi ne, domin jin zafin an wuce da mutum ba ya cikin abin da ke rage masa daraja, halin ɗan Adam ne. Abin dubawa shi ne inda ya kai zafin. Da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Gwandu, Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin Bello ya yi haramar sauka daga doki domin girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Daga nan ya bar mafi yawan harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya fuskanci karantarwa da rubutu. A wannan zango na rayuwarsa ne, a 1822, ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, tafsiri taƙaitacce domin ɗaliban da babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, ya yi wa nauyi. Ya rasu a Gwandu a 1829. Yau idan aka tambayi almajiri garuruwa nawa Malam Abdullahi ya mulka, da wuya ya iya lissafawa, amma littattafansa suna nan ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an kuma buga babban tafsirin nasa a Alƙahira a 1961.

Irin wannan hali ne aka gani ga Halidu ɗan Walidu, Allah Ya yarda da shi, lokacin da Sayyidina Umar ya sauke shi daga shugabancin rundunar Sham. Ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida, domin ba don kujerar yake yi ba tun farko. Wanda ya ɗauki muƙami a matsayin amana, ranar da aka karɓa sauƙi yake ji, kamar mai ajiya da mai kaya ya zo ya karɓi kayansa lafiya. Wanda kuwa ya ɗauke shi a matsayin fatar jikinsa, ranar rabuwa fiɗa ce.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka wa'azi zai maye gurbin tuwo. Ba a yi wa mai jin yunwa huɗubar ƙana'a alhali haƙƙinsa na hannun wani. Fensho da garatuti ba sadaka ba ne, wani yanki ne na ladan aiki da aka jinkirta biyansa. Tsarin da gwamnatin tarayya ta shigo da shi a 2004, aka gyara a 2014, ya ƙara fito da wannan fili, domin a ƙarƙashinsa ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki na zuba kashi 10. Kowa kuwa ya san yadda a sassa da yawa na ƙasar nan dattawa ke shafe watanni, wasu shekaru, suna jiran haƙƙinsu, ana kiransu tantancewa bayan tantancewa, suna tsaye cikin rana da takardu a leda, wasu har su koma ga Allah ba su karɓa ba. Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali wajen biyan abin da ke kansa da sunan zalunci, wani kuma da Ibnu Majah ya ruwaito ya yi umarni a biya ɗan ƙodago tun guminsa bai bushe ba. Ina ga gumin shekara 35? Alƙali Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ga rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyarsa a yar da shi da tsufa, sai ya yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Idan wanda ba Musulmi ba ya sami wannan, to akawun da ke danne fayil ɗin wani tsohon malamin firamare sai an ba shi na goro ya tuna cewa layin da dattijon ke tsaye a kai shi ma nan ya nufa.

Amma akwai abin da ke hannun mai barin aikin da kansa. Garatuti kuɗi ne da ba ya zuwa sau biyu, kuma ranar da ya shigo 'yan ba da shawara ke yawaita. Wani ya ƙara aure ba tare da lissafin abin da zai riƙe gida biyu ba. Aure halal ne, babu mai ja, amma adalci da ciyarwa sharaɗi ne, kuma fensho ba ya ƙaruwa domin an ƙara ɗaki. Wani ya sayi motar haya ya ba direban da bai sani ba. Wani ya zuba wa masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, irin su MMM da ta rufe da dukiyar jama'a a ƙarshen 2016, ya haɗa hasara da cin haram. Wanda Allah Ya yi wa gyaɗar dogo shi ne wanda tun yana aiki ya riƙe gonar gado, bai yanke ƙafa da ƙauyensu ba. Fadamar gulbin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, arziki ce da Allah Ya shimfiɗa, shi ya sa a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na tarayya a 2015, ga kuma masana'antun casar shinkafa a garuruwan biyu. Duk da haka noma ba wasan yara ba ne. Ambaliyar 2020 ta nuna yadda ruwa ke shafe gonakin shinkafa cikin kwana kaɗan, saboda haka wanda bai taɓa riƙe fartanya ba kada ya juye garatutinsa duka cikin fadama a shekarar farko. Ya fara da kaɗan, ya zauna a gaban manoman da a da suke rusuna masa, ya koya. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya nuna cewa aminci a gida da lafiyar jiki da abincin yini, idan suka haɗu ga mutum, tamkar an tattara masa duniya ne. Ma'aunin ke nan, kuma yawancin masu fensho da ake biya a kan kari sun fi haka samu.

Sannan sai mutane. A Jami'ar Harvard ta Amurka an fara wani bincike a 1938, aka bi rayuwar ɗaruruwan mutane tun suna samari har tsufansu, abin da ya fi fitowa fili kuwa shi ne kyawun dangantaka da iyali da abokai ya fi dukiya da muƙami tasiri ga jin daɗi da lafiyar tsufa. Musulmi ba zai yi mamakin wannan ba, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sada zumunci na kawo yalwar arziki da albarkar kwana. Sai dai zumunci a ƙafa yake, kuma kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ma'aikacin da ya shekara talatin ba ya zuwa jana'iza sai aike, ba ya zuwa suna sai ambulan, kada ya yi fushi idan ya dawo ya tarar ba a ajiye masa wuri a tabarma ba. Shi zai fara takawa. Kada ma ya ce gabar ta daɗe. Tsakanin Kabawa da Sakkwato an yi shekaru da dama ana zub da jini, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka har Argungu, aka yi masa su domin girmamawa, daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali. Idan wannan ta gyaru, ta 'yan uba a kan kangon gida ba ta fi ƙarfin sallama ba.

Cikin gida ma akwai gyara. Wasu idan suka rasa ofis sai su mai da gida ofis, su shiga ƙirga cokalin mai da binciken tukunya, uwargida da ta shekara talatin tana tafiyar da gidanta lafiya ta wayi gari da sabon darakta a tsakar gida. Wannan ba ya haifar da komai sai gundura. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, taimakon iyalinsa yake yi a gida kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari, kuma taimako daban, sa ido daban.

Maganar ba ta maza kaɗai ba ce. Malaman makaranta mata da ma'aikatan jinya da ungozomomin asibiti su ma suna barin aiki, kuma suna da abin koyi a tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Jajjin da ta naɗa su jagoranci mata zuwa karatu daga ƙauyuka dattawan mata ne, waɗanda shekarunsu suka ba su damar fita da kuma kwarjinin a saurare su. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta zauna a unguwa tana wayar da kan matan aure game da awon ciki da tsabtar jarirai tana cikin ilmi mai amfani, ɗaya daga cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Haka tsohon akawu da ya karɓi lissafin kuɗin masallaci ya tsare shi, da tsohon malamin gona da ya zauna da matasan ƙauyensu, da tsohon ma'aikacin kotu da ya shiga sulhunta ma'aurata. Wanda kuma aiki ya hana shi karatu, ga dama ta samu. Babu kunya ga tsohon babban sakatare ya ɗauki Ahalari ko Iziyya ya durƙusa gaban malamin da bai kai ɗansa ba, gemu ba ya hana ilmi. Sau da yawa a nan ne mutum zai gano cewa alwalar da ya shekara hamsin yana yi tana da gyara. Takawa zuwa masallaci sau biyar kuwa ta haɗa masa lada da motsa jiki da ganin jama'a, abubuwan da likita ma zai umarce shi da biyu daga ciki.

Saura abu guda wanda ba a cika faɗa a walimar ban kwana ba, alhali shi ya fi hana barci. Akwai wanda fenshonsa na zuwa, gidansa nasa ne, 'ya'yansa sun kama aiki, amma idan dare ya yi shiru sai fuskoki su riƙa zo masa: wanda ya danne wa ƙarin girma, marainiyar da aka karkatar da filin ubanta da sa hannunsa, kuɗin rijiyar ƙauye da aka raba a ofis. Zuwa Hajji da yawan nafila alheri ne, amma malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafewar mai shi. Hadisin Muslim ya siffanta matsiyacin gaskiya da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma a rarrabe ladansa ga waɗanda ya zalunta har ya ƙare. Buhari kuma ya ruwaito cewa wanda Allah Ya kai shi shekara sittin an yanke masa hanzari. Shekara sittin ɗin nan kuwa ita ce dai wadda dokar aiki ta yanke. Idan mai haƙƙin yana raye a same shi, idan ya rasu a nemi magadansa, idan dukiyar jama'a ce a mayar da ita ga amfanin jama'ar da aka cuta, ba da sunan kyauta ba, kuma ba sai an kira maroƙa ba.

Daga nan sai ya ɗauki alƙalami, tun hannu bai fara rawa ba, ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, da ajiyar mutane da ke wurinsa, da wasiyyarsa wadda ba za ta wuce sulusin dukiya ba kuma ba za a yi ta ga magaji ba. Ya kira manyan 'ya'yansa da shaidu biyu, ya zaga da su gonakin fadama da na tudu tun ruwa bai rufe iyakoki ba, ya nuna musu inda tasa ta tsaya da inda ta maƙwabci ta fara, da wadda aro ce da wadda jingina ce.